Zagayen Tarihin Afirka a Birnin Salvador na Burazil: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu niyyar ziyartar Salvador, babban birnin jihar Bahia da ke arewa maso gabashin Burazil, musamman ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa da suka ji cewa akwai sawun Hausawa a can.

Wane irin gari ne Salvador, kuma me ya haɗa shi da Afirka?

Turawan Fotugal ne suka kafa Salvador a shekarar 1549 a bakin wani babban lungun teku da suka sa wa suna Todos os Santos, kuma shi ne ya zama hedikwatar mulkinsu a Burazil har zuwa 1763, lokacin da aka mayar da ita Rio de Janeiro. Arzikin garin ya dogara ne a kan rake da taba da ake nomawa a ƙasar da ke kewaye da lungun, wadda ake kira Recôncavo, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka yi wannan noma. Burazil ta karɓi bayi kusan miliyan 5, fiye da kowace ƙasa a nahiyar Amurka, kuma kimanin miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu a Bahia aka sauke su. Ba a hana shigo da bayi da gaske ba sai a 1850, bautar kanta kuma ba a soke ta ba sai ranar 13 ga Mayu, 1888.

A yau mutanen birnin sun kai kusan miliyan 2.4, kuma a ƙidayar 2022 fiye da kashi 80 cikin ɗari sun bayyana kansu a matsayin baƙaƙe ko barbarar yanyawa. Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma ba ya buƙatar a faɗa masa wannan, domin tun daga ƙamshin manja a bakin titi har zuwa ɗaurin ɗankwalin mata masu suya zai ga abin da ya saba gani a gida.

Mene ne bambancin wannan zagaye da yawon buɗe ido na yau da kullum?

Duka biyun sukan bi tituna kusan iri ɗaya, amma labarin da ake bayarwa ya sha bamban. Zagayen da aka saba yi yakan tsaya a kan gwamnoni da limaman coci da kyawun gine-gine. Zagayen tarihin Afirka kuwa yana tambayar wa ya ɗauko duwatsun, wa ya yi dakon kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa kan tudu, ina waɗannan mutane suke kwana, da wane harshe suke magana, kuma ta yaya suka tara kuɗi suka fanshi kansu. Mafi yawan masu jagorantar irin wannan zagaye baƙaƙen fata ne 'yan asalin garin, wasunsu kuma sun karanta tarihi a jami'a.

Daga ina ake farawa, kuma waɗanne wurare ake bi?

Garin ya kasu gida biyu, na kan tudu da na bakin ruwa, kuma wani dogon lif mai suna Lacerda, wanda aka buɗe a 1873 mai tsayin kusan mita 72, shi ne ya haɗa su. Yawanci akan taru a dandalin da ke saman lif ɗin, inda tsohon ginin majalisar gari yake, domin daga nan ana hango tashar jiragen ruwa gaba ɗaya. Daga nan sai a bi ta Praça da Sé, inda aka kafa mutum-mutumin Zumbi, jagoran Palmares, mazaunin bayin da suka gudu suka kafa ƙasarsu a ƙarni na 17. Sai Terreiro de Jesus, inda gidan tarihin Afirka da Burazil yake a cikin tsohuwar makarantar likitoci, sannan ofishin Sociedade Protetora dos Desvalidos, ƙungiyar taimakon juna da baƙaƙen masu sana'a suka kafa a 1832 wadda har yanzu tana nan.

Zagayen yakan gangara zuwa dandalin Pelourinho da cocin Rosário dos Pretos mai shuɗin fenti, ya wuce ta gidan al'adu na Casa do Benin, ya haura zuwa unguwar Santo Antônio, inda wata tsohuwar ganuwar soja ta zama makarantar capoeira, wato wasan kokawa da rawa da bayi suka raya, wanda dokar 1890 ta haramta kafin UNESCO ta karrama shi a 2014. Wasu jagororin sukan ƙara da Praça da Piedade, inda aka rataye mutum huɗu a 1799 saboda yunƙurin tawayen 1798. Wuraren da suka fi shafar Musulmi ba duka ne ke kan wannan hanya ba. An yi bayaninsu a amsar tawayen 1835 da kuma amsa ta ƙarshe.

Awa nawa ake yi, kuma dattijo zai iya?

Zagayen tsohon gari yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu a ƙafa. Titunan an shimfiɗa su da duwatsu marasa daidaito, ga hawa da gangara, saboda haka mai ciwon gwiwa ya sanar da jagora tun da wuri domin a rage hanyar, kuma kowa ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya riƙe ruwa da hula.

Me kalmar Pelourinho take nufi?

Sunan ginshiƙin da ake ɗaure mutum a yi masa bulala a bainar jama'a ne. A garuruwan Fotugal wannan ginshiƙi alamar ikon hukuma ce, a Salvador kuwa bayi ne suka fi shan azaba a jikinsa. An sauya masa wuri fiye da sau ɗaya kafin a cire shi a ƙarni na 19, amma sunan ya zauna wa unguwar. UNESCO ta sanya tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1985, kuma daga 1992 gwamnatin jihar ta shiga gyaran gidajen, aka yi musu fenti kala-kala kamar yadda ake gani a hotuna.

Akwai ɓangaren wannan gyara da ya kamata jagora ya faɗa. Talakawan da suka daɗe suna zaune a gidajen, waɗanda akasarinsu baƙaƙe ne, an ba su ɗan abin sallama an tashe su, gidajen suka koma shaguna da wuraren cin abinci. Idan jagora ya nuna fenti kawai bai ambaci waɗanda aka tasa ba, to ya ba da rabin labari ne.

Da gaske ne Hausawa sun zauna a Bahia? Ta yaya suka isa can?

Gaskiya ne, kuma takardun hukuma na lokacin suna kiran su da sunansu, a rubuce Haussá ko Ussá. Sun fara yawaita a farkon ƙarni na 19, daidai lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Fursunonin yaƙi daga ɓangarorin biyu, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, da matafiyan da aka tare a hanya, an riƙa sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Nufe da ƙasar Yarabawa har zuwa Legas da Badagiri da Porto-Novo da Wida. 'Yan kasuwar Bahia suna da wani abin da ya ba su fifiko a wannan gaɓar teku, wato taba da ake shafa wa ruwan rake, wadda masu sayar da bayi suke matuƙar so. Wannan yana nufin akwai hannun sarakuna da fataken Afirka a cikin cinikin, kuma jagora mai gaskiya ba zai ɓoye hakan ba.

Hausawan ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba. A watan Mayun 1807 hukuma ta gano wani shirin tawaye da suka ƙulla a cikin birnin tun kafin a aiwatar da shi. A Fabrairun 1814 suka tashi a wuraren kamun kifi na Itapuã, a arewacin garin, kuma takardun shari'ar sun kira ɗaya daga cikin jagororinsu da laƙabin malomi, wanda duk Bahaushe zai gane cewa malam ne ko malami. Shekaru bayan haka wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa yana tambayar su labarin garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851.

A cikin birni da yawansu 'yan dako ne da masu ɗaukar kujerar da attajirai ke hawa. Irin wannan bawa yakan fita ya nemi aiki da kansa, ya kawo wa ubangijinsa wani kaso da aka yanka masa, ya riƙe saura. Masu dako suna da matattara a kusurwoyin tituna, kowace ƙabila da tata, ƙarƙashin shugabanta, kuma a irin waɗannan wurare ne ake yin adashin fansar kai, ake kuma isar da saƙo daga baki zuwa baki.

Mene ne tawayen Malê na 1835, kuma ina ake ganin wurarensa?

Malê shi ne sunan da ake kiran Musulmin Afirka a Bahia, daga kalmar Yarabanci imale. A daren 24 wayewar 25 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, kimanin mutum 600, bayi da 'yantattu, suka fito titunan Salvador sanye da fararen riguna, da layu a wuya, akasarinsu da takubba da mashi. Sun zaɓi safiyar Lahadin da jama'a za su tafi wani bikin coci a Bonfim, amma wata 'yantacciyar baiwa ta kai labari ga hukuma tun da dare. Da 'yan sintiri suka shiga wani gida a gangaren Ladeira da Praça bayan tsakar dare, sai mutum kusan 60 da ke ciki suka fito da faɗa kafin lokacin da aka shirya.

Daga nan suka haura zuwa kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar gari domin su fito da wani dattijon malami, Pacífico Licutan, wanda aka tsare ba don wani laifi ba sai don ubangijinsa ya ci bashi, aka kama shi a matsayin dukiyar da za a sayar a biya. Ba su iya fasa kurkukun ba. Suka zagaya gari suna kiran 'yan'uwansu, suka nufi hanyar fita zuwa gonakin rake, sai suka ci karo da barikin sojojin doki a Água de Meninos, inda aka ci ƙarfinsu kafin gari ya waye. An kashe 'yan Afirka kusan 70. A wajen bincike, da aka tambayi Licutan sunansa, sai ya ce Bilal. An yanke masa bulala 1,000. An harbe mutum huɗu a Campo da Pólvora ranar 14 ga Mayu, 1835, saboda ba a sami wanda ya yarda ya rataye su ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan rabon Hausawa a wannan tawaye, domin akan zuzuta shi. Mafi yawan waɗanda suka fito Yarabawa ne, waɗanda ake kira Nagô a can. Akwai Hausawa da Nufawa a ciki amma 'yan kaɗan ne, kuma cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará. Zamanin da Hausawa suke kan gaba shi ne na 1807 zuwa 1816. Gangaren Ladeira da Praça da ginin majalisar suna dab da inda ake fara zagaye, don haka a roƙi jagora ya tsaya a wurin, domin titi ne na motoci da shaguna wanda mutum zai wuce bai san abin da ya faru a kansa ba.

Rubuce-rubucen Larabci da aka ƙwace a hannunsu suna nan?

Wasu suna nan. 'Yan sanda sun kwashe alluna da layu da ƙananan takardu masu ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i daga gidaje da kuma jikin waɗanda aka kashe, suna zaton shirin yaƙi ne a rubuce, har suka kira wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta musu. Wani ɓangare na takardun yana ma'adanar takardu ta jihar Bahia tare da fayilolin shari'ar, waɗanda masanin tarihi João José Reis ya yi shekaru yana nazari a kansu. Ma'adanar wurin bincike ce, ba a shiga da ayarin 'yan yawo, saboda haka mai son ganin asalin takardun ya rubuta musu tun kafin ya taso. Jagorori da dama sukan riƙe hotunan takardun a jaka. Wanda ya yi makarantar allo zai ga rubutun bai yi masa baƙo ba, domin irin hannun da ake rubutu da shi a Afirka ta Yamma ne, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, kuma sau da yawa baƙon ne yake karanta wa jagoran abin da ke jikin takardar.

Ta yaya zan gane jagora nagari?

Abu na farko shi ne katin rajista na ma'aikatar yawon buɗe ido, wanda ake kira Cadastur, da jagororin da hukuma ta sani suke ratayawa a wuya. Abu na biyu shi ne harshe: Fotugis ake yi a garin, masu Turanci ba su da yawa, don haka a tabbatar da harshen da za a yi zagayen tun wajen yin alƙawari.

Abu na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ko yana raba abin da takardu suka tabbatar da abin da ake faɗa a baki. Ga gwaji guda biyu. Akan ce a ƙarƙashin kasuwar Mercado Modelo ake tsare bayin da aka sauke daga jirgi, alhali ginin tsohon ofishin kwastan ne da aka kammala a 1861, shekara 11 bayan hana shigo da bayi. Haka kuma akan ce Luíza Mahin, mahaifiyar lauya Luís Gama wanda aka haifa a Salvador a 1830, tana cikin shugabannin tawayen 1835, amma sunanta bai fito a takardun shari'ar ba. Abin da aka sani game da ita daga wasiƙar ɗanta ya fito. Jagoran da ya ce "haka mutane suke faɗa, ga kuma abin da takardu suka nuna" ya cancanci kuɗinsa, kuma waɗannan labarai ba su rasa daraja don an faɗi matsayinsu.

Ni Musulmi ne. Dole ne in shiga coci ko wurin bautar Candomblé?

Ba dole ba ne, kuma babu jagoran kirki da zai ji haushi idan ka ce za ka jira a waje. Sai dai yana da kyau a san dalilin da ya sa waɗannan wurare suke cikin zagayen. Cocin Rosário dos Pretos ƙungiyar baƙaƙe ce ta gina shi da kuɗinta da ƙarfinta cikin ƙarni na 18, a lokacin da ba a ba su wuri daidai da Turawa a sauran majami'u, kuma irin wannan ƙungiya ce take binne mamatansu, take taimaka wa marasa lafiya. Candomblé kuwa addini ne da ya samo tushe daga bautar gargajiya ta Yarabawa da mutanen Dahomey da na Angola, kuma gidajensa, irin su Casa Branca da Gantois, su ne suka adana kalmomi da waƙoƙi da girke-girken Afirka a shekarun da 'yan sanda ke kai musu samame. Wanda ya zaɓi shiga ya sa fararen kaya ko masu haske, kada ya ɗauki hoto sai da izini.

Game da salla, akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré, ba nisa da tsohon gari, inda ake yin Juma'a. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata zuwa arewa, kuma agogon Salvador yana bayan na Najeriya da Nijar da awa huɗu.

Me za a ci a hanya?

Abin da ya fi shahara shi ne acarajé, wanda ƙosai ne ba wani abu ba: wake ake surfawa a niƙa, a buga shi da albasa da gishiri, a soya cikin manja. Matan da ke sayar da shi sukan zauna a bayan teburi cikin farar riga mai faɗi da tsakiyoyi a wuya, su tsaga ƙosan biyu da wuƙa, su cusa masa wani kauri mai suna vatapá da miyar kuɓewa da busasshen jatan lande. Idan mai suyar ta tambaye ka ko kana son shi "quente", ba zafin wuta take nufi ba, yaji take nufi. Abará kuma alale ne da aka naɗe a ganyen ayaba. Akwai ma wani abinci da har yau yake ɗauke da sunanmu, arroz de hauçá, ma'ana shinkafar Hausawa, wadda ake ci da soyayyen busasshen nama da albasa.

Abin da za a kiyaye shi ne naman alade, domin yana shiga feijoada, wato dafaffen wake da nama, kuma akan sa shi a cikin wake da garin rogo ba tare da an faɗa ba. A koyi kalmar "porco" a riƙa tambaya, ko a tsaya a kan kifi.

Zuriyar Musulmin nan suna nan har yanzu?

Jininsu yana cikin jama'ar garin, amma addinin bai ɗore daga kaka zuwa jika ba. Bayan 1835 mallakar takarda mai rubutun Larabci kaɗai ta isa a kama mutum, aka kori 'yantattu da dama zuwa Afirka, wasu kuma suka sayi tikitin jirgi da kansu. Wani malami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Baghdadi, wanda ya zauna a Burazil a shekarun 1860, ya tarar da Musulmin Bahia suna ibada a ɓoye, 'ya'yansu kuma suna barin addinin. Musulmin da ke Salvador a yau akasari sababbin musulunta ne da baƙi. Sunan kuwa bai mutu ba, domin akwai ƙungiyar kiɗan kanibal, wato babban bikin kiɗa da rawa na shekara-shekara, mai suna Malê Debalê da aka kafa a Itapuã a 1979 don tunawa da su.

Waɗanda suka komo gida su ne ake kira Aguda a Legas da Porto-Novo da Wida, a Accra kuma Tabom. Babban masallacin Porto-Novo da masallacin Shitta-Bey na Legas, wanda aka buɗe a 1894, duk suna ɗauke da salon ginin da aka zo da shi daga Burazil.

Akwai tsaro? Me zan kiyaye?

Manyan titunan tsohon gari suna da 'yan sanda da rana, amma ƙwacen waya da sarƙa yana faruwa, musamman a lungunan da babu jama'a da kuma gangaren da ke sauka bakin ruwa. A yi amfani da lif maimakon bin su a ƙafa. Za a tare ka da zare mai launi a ce kyauta ce a ɗaura maka a hannu, ko a fara zana maka farin fenti a damtse, daga baya a nemi kuɗi, don haka idan ba ka so ka ƙi tun farko cikin ladabi. Masu wasan capoeira da matan da suka yi ado don hoto sana'arsu ke nan, a yi ciniki kafin a ɗaga kyamara.

Yaushe ya fi dacewa a je?

Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuli. Watan Nuwamba yana cike da tarukan tarihin baƙar fata, musamman ranar 20 ga wata da ake tunawa da Zumbi. Lokacin kanibal gari yakan cika maƙil, masauki ya yi tsada, kuma ba lokacin sauraron bayani a natse ba ne. Masu tasowa daga Afirka ta Yamma sukan bi ta Lisbon, inda ake samun jirgi kai tsaye zuwa Salvador, ko ta Addis Ababa zuwa São Paulo, kuma a nemi biza da katin rigakafin shawara da wuri.

Idan ina da ƙarin kwana ɗaya, ina zan je?

Wanda tarihin Musulmi ya kai shi ya ɗauki jagora da mota ya bi sawun daren 1835 har ƙarshensa. A fara da Campo da Pólvora, wanda yanzu dandali ne mai tashar jirgin ƙasa da babbar kotu. A gefensa ne makabartar bayi da talakawa ta kasance, a nan kuma aka harbe mutum huɗun da aka ambata a sama. Daga nan a sauka Água de Meninos, kusa da kasuwar São Joaquim, inda ake sayar da manja da kuɓewa da busasshen jatan lande da tukwanen ƙasa, sannan a ƙarasa Itapuã da yamma a ga gaɓar da Hausawa suka tashi a 1814. Wanda kuma yake son ganin ƙasar rake da taba da aka kai mafi yawan bayin, sai ya nufi Cachoeira a bakin kogin Paraguaçu, tafiyar kamar awa biyu a mota, inda ƙungiyar dattawan mata baƙaƙe ta Boa Morte take yin bikinta a tsakiyar watan Agusta.